Sharhi a kan Ingancin Bayanin Kayan Aiki da Ake Rubuta wa 'Yan Aiken Na'ura

1.0 Gabatarwa

Tun daga lokacin da Hans Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa na rubutun Hausa a 1912, har zuwa taron daidaita rubutu da aka yi a Yamai a 1980, duk wata muhawara da aka tafka a kan yadda za a rubuta Hausa da boko an yi ta ne bisa tunanin cewa mutum ne zai karanta. Wannan ne ya sa aka amince a bar karin sauti da tsawon wasali ba tare da an nuna su ba, domin an san Bahaushe zai cike giɓin da kunnensa da kuma sanin abin da ake magana a kai. A yau an sami wani sabon mai karatu, wato manhajar ƙirƙirarriyar basira wadda ake aike, ta karanta umarni, sannan ta aikata abin da ta fahimta. Wannan maƙala za ta duba irin rubutun da ake yi wa wannan mai karatu, da ma'aunin da masu sana'ar suka gindaya don tantance ingancinsa, sannan ta gwada ma'aunin da maganar Bahaushe mazaunin Abuja.

Dalilin zaɓen Abuja shi ne a nan ake ƙulla lamarin a Nijeriya. A nan hukumar NITDA take, kuma a nan aka buɗe cibiyar ƙasa ta ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi, wadda ake kira NCAIR, a 2020. A watan Afirilun 2024 ministan sadarwa, Dokta Bosun Tijani, ya bayyana a Abuja cewa za a gina wa Nijeriya manhajar harshe tata tare da kamfanin Awarri, kuma a watan Satumbar 2025 aka fito da ita da sunan N-ATLAS, mai aiki da Hausa da Ibo da Yarabanci da Ingilishin 'yan Nijeriya. Duk ranar da aka haɗa irin wannan manhaja da asusun banki ko rajistar asibiti, abin da za mu tattauna a nan zai shafi aljihun talaka kai tsaye.

2.0 Ɗan Aike da Kayan Aikinsa

Mun zaɓi mu kira wannan manhaja ɗan aike maimakon wakili. Wakili a Hausa yana da ikon yanke shawara a madadin wanda ya wakilta shi, kamar wakilin ango a wurin ɗaurin aure. Ɗan aike kuwa saƙo yake kaiwa, kuma darajarsa tana ga isar da saƙon yadda aka ba shi.

Manhajar harshe a kan kanta ba ta iya tura kuɗi ko duba ma'ajiyar bayanai. Rubutu kawai take fitarwa. Abin da ake yi shi ne a jera mata kayan aiki, kowane da takardar bayaninsa, idan ta ga buƙata sai ta rubuta cewa a kira kayan aiki kaza da bayanai kaza, wata manhajar ta zartar, ta maido mata da sakamako. Kamfanin OpenAI ya shigar da wannan tsari cikin manhajojinsa a watan Yunin 2023, sannan kamfanin Anthropic ya fito da ƙa'idar MCP a watan Nuwambar 2024 don daidaita yadda ake haɗa ɗan aike da kayan aiki. A duka biyun takardar bayanin ta ƙunshi suna, da bayani cikin zance na yau da kullum, da jerin guraben da za a cike tare da irin abin da kowane gurbi yake karɓa. Abin lura shi ne ɗan aiken ba ya ganin cikin kayan aikin. Iyakar saninsa da shi ita ce wannan takarda. Idan ta yi ƙarya ya yi ƙarya, idan ta yi shiru sai ya yi kirdado.

Ke nan muna gaban wani nau'i ne na zube, ɗan'uwan takardar da ake saƙalawa cikin kwalin magani, kuma manazarcin harshe yana da hurumin sa baki a cikinsa. Austin (1962) ya nuna cewa akwai maganar da faɗarta aikatawa ce. Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar nan, inda jimla guda ke iya fitar da kuɗi daga asusu.

3.0 Ma'aunin Masu Sana'a

Daga cikin rubuce-rubucen da suka yi tasiri a wannan fage akwai maƙaloli biyu na injiniyoyin Anthropic, ɗaya ta watan Disambar 2024 a kan gina 'yan aike, ɗaya ta watan Satumbar 2025 a kan rubuta musu kayan aiki. Shawarwarinsu sun haɗa da a sa wa gurbi sunan da ba shi da harshen damo, da a sa saƙon kuskure ya faɗi yadda za a gyara, da kuma a auna takardar ta hanyar ba ɗan aiken ayyuka irin na zahiri a ga abin da zai yi. A maƙalar farko sun kawo wani misali mai ƙayatarwa. Ɗan aikensu yana yawan ɓata wajen nuna inda fayil yake idan ya sauya mazauni a cikin kwamfuta, sai suka gyara kayan aikin ya ƙi karɓar komai sai cikakken adireshi tun daga tushe, kuskuren kuwa ya kau. Wannan hikima ce da duk wanda ya taɓa aiken yaro kasuwa ya sani: maimakon ka yi ta jan kunne, ba shi kuɗin daidai, kada ka bar masa inda zai yi kuskure.

A ganinmu mafi ƙarfin waɗannan shawarwari ita ce ta auna takarda da aikin da ta haifar. Ta raba gardama, domin ba a tambayar ko bayanin ya yi daɗin karatu, sai dai ko mai karatun ya aikata daidai. Da wannan ma'auni nan take ake gane mafi yaɗuwar aibin irin waɗannan takardu, wato maimaita suna a matsayin bayani:

(1) tura_kudi: Yana tura kuɗi. Gurabe: lamba, adadi.

Wannan bai bambanta da ƙamusun da zai ce ma'anar "tafiya" ita ce "yin tafiya" ba. Ya saɓa wa ƙa'idar Grice (1975) ta ba da bayani gwargwadon buƙata. Kishiyarsa ma aibi ce, wato a kwaso dukkan littafin da aka rubuta wa injiniyoyi a jibga wa ɗan aike, alhali abin da yake iya riƙewa a lokaci guda yana da iyaka, kuma muhimmin sharaɗi yakan nutse cikin surutu.

Inda muke da ja shi ne kwatancen da suka gina shawarwarin a kai. Sun ce marubuci ya ɗauka sabon ma'aikaci yake yi wa bayani. To amma sabon ma'aikaci a sakatariyar tarayya yakan leƙa ofishin kusa ya yi tambaya, kuma abin da ya koya yau yana nan gobe. Mafi muhimmanci, a garin yake kwana, ya san garin. Ɗan aiken na'ura yana iya tambayar wanda ya aike shi, amma ba shi da hanyar komawa ga wanda ya rubuta takardar. Ya fi kama da baƙon malami wanda ya haddace littattafai amma yau ya sauka a tashar Jabi. Har ila yau, shawarwarin sun ɗauka cewa da harshe ɗaya aka rubuta takardar aka kuma yi aiken. A Abuja ba haka abin zai kasance ba: injiniya zai rubuta da Ingilishi, mai aike ya yi magana da Hausa, ɗan aike ya tsaya a tsakiya yana tafinta ba tare da kowa ya ji abin da ya fassara ba.

4.0 Inda Hausa ta Shigo

4.1 Suna da Ƙugiya

A tsarin OpenAI da na Anthropic sunan kayan aiki ba ya karɓar komai sai haruffan Ingilishi da alƙaluma da karan ɗori da ɗan layin ƙasa. Ma'ana, ɓ da ɗ da ƙ ba su da wurin zama, haka ma alamar da ke kan 'y. Wanda ya so ya sa wa kayan aikinsa sunan Hausa dole ya cire ƙugiya, sai a sami irin wannan:

(2) kare_asusu

Ko a kare asusun daga ɓarayi ne, ko kuwa a ƙare shi? Gurbin bayani yana karɓar baƙaƙe masu ƙugiya, saboda haka nauyin warware wannan yana kansa. Takardar da ta bar (2) ba tare da jimlar da ta fayyace shi ba ta faɗi tun a layin farko. Matsalar ba ta tsaya ga marubuci ba, domin yawancin masu rubuta Hausa a waya ba sa sa ƙugiya. Wanda ya rubuta "ki biya" yana iya nufin umartar mace ta biya, yana kuma iya nufin "ƙi biya". Sau da yawa manhajar takan gano abin da ake nufi daga muhallin zance, sai dai kirdado ne, kuma ba a son kirdado a inda kuɗi zai fita. Kyakkyawar takarda ita ce wadda ta ce a irin wannan hali a koma a tambayi mai aike kafin a zartar.

4.2 Aikatau

Nan ne lamarin ya fi zurfi. A daidaitacciyar Hausa waɗannan jimloli biyu rubutunsu ɗaya ne:

(3) a. Ka tura kuɗin. (labari: an riga an tura)
b. Ka tura kuɗin. (umarni: a tura yanzu)

A baki ba a rikita su, domin "ka" na (3a) dogo ne mai karin sama, na (3b) kuwa gajere ne mai karin ƙasa. Haka abin yake ga "ya" da "ta". A ce kayan aiki ya gama tura kuɗin haya, ya maido wa ɗan aike da saƙo irin (3), ɗan aiken ya karanta shi a matsayin umarni, to mai gida ya karɓi haya sau biyu. Abin sha'awa shi ne maganin yana cikin nahawun kansa. Shuɗaɗɗen lokaci da umartau sun bambanta a rubuce a wasu wakilan suna: "an tura" da "a tura", "kun tura" da "ku tura", "sun tura" da "su tura". Don haka ɗaya daga cikin abubuwan da za mu duba a kowace takarda ta Hausa shi ne ko marubucin ya guje wa "ka" da "ya" da "ta" a saƙonnin sakamako, ya riƙi "an" don labari, "a" don umarni. Wannan ƙa'ida ba za a same ta a wani littafin injiniya ba, sai a ajin nahawu.

Sai kuma tsarin giredin aikatau da Parsons (1960) ya fayyace. Hausa tana nuna alkiblar aiki da ɗafa-ƙeya: tura da turo, aika da aiko, cire da ciro, saya da sayo da sayar. Wannan baiwa ce, domin abin da wani harshe zai buƙaci kalmomi biyu ko uku ya faɗa, Hausa ta faɗe shi da wasali ɗaya. Amma abin da ya rataya a kan wasali ɗaya, kuskuren yatsa ɗaya ya isa ya kifar da shi. Bugu da ƙari, "turo" yana nufin zuwa wajen mai magana, to wane ne mai magana a nan: mai asusu, ko ɗan aike, ko banki? Haka "ranta" take: wanda ya ranci kuɗi shi ake bi, wanda ya ranta wa wani shi ke bi. Takardar kirki ba ta dogara da giredi kaɗai, sai ta ambaci asusun da kuɗi zai fita da wanda zai shiga, kowane da gurbinsa.

4.3 Lamba da Kuɗi da Lokaci

Mu koma ga gurbin "lamba" na misali (1). Ɗan Nijeriya yana yawo da lambobi uku masu alƙaluma 11 kowace: ta waya, da ta BVN wadda Babban Banki ya ƙaddamar a 2014, da ta shaidar ɗan ƙasa ta hukumar NIMC. Lambar asusun banki ita ce mai alƙaluma 10. Gurbin da aka ce masa "lamba" kawai, aka kuma ce yana karɓar alƙaluma 11, zai haɗiye kowace daga cikin ukun ba tare da ya tari ba.

Gurbin "adadi" ya fi haɗari. Kamfanin Paystack, alal misali, ya bayyana a takardunsa cewa da kwabo ake rubuta adadi, wato naira 5,000 sai a rubuta 500000. Wannan bayani ne da ya cancanci yabo, kuma duk wanda ya gina kayan aiki a kan irin wannan tsari ya manta bai kwafo sharaɗin ba, ɗan aikensa zai tura naira 50 a maimakon 5,000. A ɓangaren mai aike ma akwai nasa lissafin. Tun bayan canjin kuɗi na 1973 fam ya zauna a bakin 'yan kasuwa da ma'anar naira 2, jaka kuwa naira 200. Ga Bahaushen Maraɗi dala tana nufin sefa 5, jaka kuma sefa 1,000. "Jaka goma" a bakin dattijon Bakano da a bakin Bamaraɗe ba kuɗi ɗaya ba ne, kuma dukkansu ana samun su a kasuwar Dei-Dei.

Lokaci ma haka. A lissafin Bahaushe dare yana gaba da yininsa, shi ya sa "daren Juma'a" yake nufin daren Alhamis wayewar Juma'a, ko da yake wasu 'yan boko sun fara amfani da shi da ɗaya ma'anar. Alkawarin "bayan La'asar" ba shi da ƙayyadadden ƙarfe. Idan kuma kayan aikin da agogon GMT yake lissafi, wanda Nijeriya ta ɗara da awa ɗaya, to ƙarfe 12:30 na dare a Abuja jiya ce a wajensa.

4.4 Wuri

Mu da aiki ya kawo Abuja mun san cewa sunayen unguwanninta tarko ne ga baƙo. Wuse II daban, Wuse shiyya ta 2 daban, kuma wanda ya ce wa direba "Wuse biyu" sai an sake tambayarsa. Akwai Garki a tsakiyar birnin, akwai ƙaramar hukumar Garki a Jihar Jigawa. Akwai Karu a cikin Birnin Tarayya, akwai ƙaramar hukumar Karu a Jihar Nasarawa, ga su maƙwabtan juna. Sunan Abuja kansa aro ne daga garin da ya koma Suleja bayan dokar kafa Birnin Tarayya ta 1976, kuma a yau yana iya nufin birnin, ko ƙaramar hukumar birni da kewaye, ko dukkan yankin mai ƙananan hukumomi 6. Gurbin da aka rubuta masa "gari" ko "unguwa" ba tare da jerin zaɓi ba zai aika motar asibiti inda ba a kira ta ba. Darasin cikakken adireshi da muka ambata a 3.0 shi ne maganin: a tilasta jiha, da ƙaramar hukuma, da gunduma, kowace daga rufaffen jeri.

5.0 Matani da Isnadi

Akwai wani ɓangare na inganci da bai shafi fasahar rubutu ba. A watan Afirilun 2025 masu bincike na kamfanin Invariant Labs suka nuna cewa ana iya cusa ɓoyayyen umarni cikin bayanin kayan aiki, ɗan aike ya karanta ya bi, ya kwashi asirin mai shi ya miƙa wa wani, alhali mai shi taƙaitaccen suna kawai yake gani a allonsa. Ita ma ƙa'idar MCP, da ta tanadi alamomin da ke nuna ko kayan aiki karatu kawai yake yi ko yana iya goge abu, ta yi gargaɗin kada a dogara da su sai daga majiyar da aka amince da ita. Malaman hadisi ba su taɓa wadatuwa da kyan matani ba sai sun binciki isnadi. Mai tantance irin wannan takarda shi ma dole ya tambayi wanda ya rubuta ta, da ko an sauya ta bayan an amince da ita.

6.0 Gwajin Gyara

Bisa abubuwan da suka gabata, ga yadda muke ganin ya kamata (1) ya kasance:

(4) tura_kudi_daga_asusun_mai_aike: A yi amfani da shi don fitar da kuɗi daga asusun mai aike zuwa asusun wani a bankin Nijeriya. Idan an tura ba a iya dawo da su. Kada a yi amfani da shi don duba ragowar kuɗi ko sayen katin waya. Kafin a kira shi, a karanta wa mai aike sunan mai karɓa da adadin da naira, a jira amincewarsa. Idan ya ambaci fam ko jaka ko dala, a tambaye shi nawa yake nufi da naira. Gurabe: lambar asusun mai karɓa, alƙaluma 10, bankin mai karɓa, daga jerin da aka bayar, adadi da kwabo, wato naira 5,000 ita ce 500000. Sakamako: "an tura" tare da lambar shaida, ko "ba a tura ba" tare da dalili. Idan amsa ta yi jinkiri, a duba tarihin asusu kafin a sake kira.

Ya ninka (1) tsawo sau da yawa, amma babu jimlar da za a cire ba tare da an buɗe wata ƙofar asara ba. Za a iya rubuta (4) da Ingilishi, kuma a halin yanzu mai yiwuwa hakan ya fi aminci, ganin cewa rubutun Ingilishi da manhajojin suka koya daga gare shi ya fi na Hausa yawa nesa ba kusa ba. Sai dai jimlar fam da jaka ba za ta shiga ba, ko da wane harshe aka rubuta, in babu wanda ya san Hausa a teburin.

Hukuncin ƙarshe a kan (4) na gwaji ne, kamar yadda injiniyoyin suka ce, amma da sharaɗin a tattaro jimlolin gwajin daga bakin masu aike na gaskiya: Hausar waya marar ƙugiya, da Sakkwatanci da Katsinanci, da Hausar Bagwari ko Banufe da ya koye ta a kasuwar Gwagwalada, da mai surka ta da Ingilishi. Kuma kada a tsaya ga ƙirga sau nawa aka dace. A karanta yadda kowane aike ya gudana, domin ɗan aike yakan isa daidai ta hanyar da gobe za ta ɓatar da shi. A 1990 hukumar NERDC, wadda mazauninta ke Sheda, ta ɗauki nauyin ƙamusun keɓaɓɓun kalmomin Hausa wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, inda malaman jami'o'i suka zauna suka daidaita kalmomin nazarin harshe da adabi. Irin wannan zama ake buƙata tsakanin sassan harsunan Nijeriya da injiniyoyin NCAIR, sai dai wannan karon jerin kalma da takwararta ba zai wadatar ba. Kowace kalma sai an bi ta da wuraren da take rikiɗa, a fara da na kuɗi da na lokaci.